Wuƙar da Ba Ta Ci a Tsakiya

Kicin ɗin asibitin yana can ƙasa, bayan ɗakin wanki, inda rana ba ta shiga sai ta wata 'yar taga da ke kusa da rufi. A ƙarƙashin tagar akwai teburin ƙarfe, a kansa farin katako da wuƙa ta ci tsakiyarsa har ya yi kwari kamar tafin hannu. Wannan shi ne teburin Goggo Ƙaya. Shekara ashirin da shida ta yi a gabansa tana raba kifi da ƙayarsa, tana raba nama da ƙashinsa, saboda mutanen da ke kwance a benayen sama: tsofaffin da haɗiya ke yi wa wuya, da yaran da ba su iya tofarwa ba, da waɗanda aka yi wa aiki a maƙogwaro. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa saukowa da faranti an ce ga ƙaya an tsinta ba. Daga nan sunan ya fito, ya danne nata na gida, har jikokinta ma da shi suke kiranta idan sun ga fuskarta a sake.

A kicin ana cewa ƙanenta ne ƙayar kifi ta shaƙe yana ɗan shekara huɗu, a gaban idonta, shi ya sa ta ɗauki aikin da zafi haka. Duk sabon ma'aikaci a makonsa na farko yake jin labarin, daga nan sai ya riƙa gaishe ta da sanyin murya. Goggo ba ta da ƙane. Ita ce auta a gidansu. Ta ji labarin tun shekarar da aka ƙaga shi, ba ta taɓa ƙaryatawa ba, don ta lura mutane sun fi jin nauyin mai tabo a zuciya fiye da wanda ya iya aikinsa kawai.

Wuƙaƙenta biyu ne, a naɗe cikin tsohon tawul, da su take zuwa da su take komawa. Ɗaya gajeriya ce mai kauri, ta nama, wadda ke shiga gaɓa ta zagaye ƙashi ta fito da shi fari fat. Ɗayar doguwa ce, siririya, tana lanƙwasa idan an danna tsininta a katako. Ita ce ta kifi. Lokacin da Goggo ta saye ta faɗinta ya kai yatsa biyu, washi ya cinye ta har ta koma kamar ɗan yatsa ɗaya. Babu mai taɓa su. Mai Tukunya, wani ƙaton mutum da ke kula da murhu, yakan ce mijin Goggo shi ne na uku a gidan, bayan wuƙaƙen.

Mahaifinta mai sayar da kifi ne a kasuwa. Mata biyar ya haifa, kullum maganarsa ɗaya, da an samu namiji da ya koya masa sana'a. Ita kuwa tana gefe tana wanke bokiti tana kallon hannunsa. Ta auri direban bas, ta haifi uku, sannan ta samu aikin wanke tukwane a asibitin. Ranar da tsohon da ke gyaran kifi ya ajiye aiki aka tambaya wa ya iya, ta ɗaga hannu, alhali ba ta taɓa cire wa kifi ɗaya ƙaya daga kai har wutsiya ba.

Mako uku ta yi tana shan wahala. Takan wasa wuƙar har ta aske gashin hannu, ta yanka, sannan ta zauna da hantsaki tana tonon guntayen ƙaya har a fara kiran abinci ya makara. Sai wata safiya kifi ya sulluɓe mata, wuƙar ta daki bakin teburin ƙarfe, tsakiyarta ta dakushe. Dutsen washi yana wajen maza, ita kuma ta san dariyar da za su yi. Ta ci gaba da aiki da ita a haka.

A nan ta gano abin da ta rayu a kansa. Wuƙa mai kaifi tana yanke ƙananan ƙayoyin haƙarƙari ta wuce shiru, ta bar guntayensu a kwance cikin tsoka inda yatsa ba ya jinsu. Wadda tsakiyarta ta dakushe ba ta iya yanke ƙaya, hawa kanta take yi. Kowace ƙaya sai ta ƙwanƙwasa wa mutum a wuyan hannu, ƙas, ƙas, ƙas, tsoka ta taso gaba ɗaya, ƙaya ta zauna a jikin ƙashin baya. 'Yan kaɗan da suka biyo tsokar sukan biyo a tsaye, da kawunansu a waje, yatsa ya same su, hantsaki ya zare.

Tun daga ranar, duk lokacin da ta wasa siririyar a gida, sai ta kife kofin shayi, ta tsayar da tsakiyar wuƙar a kan kaushin gindinsa, ta ja sau uku. Tsini kamar reza, gindi kamar reza, tsakiya ba ta ci. Iyakar sirrin ke nan, bai kai minti ɗaya ba. Ƙanƙantarsa ce ta sa ta ɓoye shi. Da abu ne da ake shekara biyar ana koyo, da ta koyar da rabin gari tana alfahari. Amma abin da za ka nuna a minti ɗaya, a minti na biyu kowa ya zama kai. Don haka duk wanda ya tambaya amsarta ɗaya.

"Hannu ne. Ba a koyar da hannu."

Wadda ta fi kowa jin wannan amsar ita ce matar da ke teburin kusa, mai gyaran kayan miya da figar kaji. Shekararta talatin da 'yan kai, 'ya'yanta biyu, ba ta da yawan magana, shi ya sa ake ce mata Shiru-shiru. Shekara huɗu ta yi a kicin, kowace shekara sau ɗaya take roƙon Goggo ta nuna mata, kamar mai biyan wani wajibi, ta ji amsar, ta ce to, ta koma kan albasarta.

Idon Goggo ya fara ne shekara biyu da suka wuce. Da farko kamar an shafa wa tagar man shanu, daga baya fuskokin mutane suka zama inuwa mai murya. A kicin ba ta bari an gane ba. Ta san taku nawa ne daga ƙofa zuwa tebur, ta san kowa da ƙarar takalminsa, aikin kuwa dama a wuyan hannu yake. A gida ne abin ya ƙi ɓoyuwa, don mijinta, wanda kowa ke kira Direba ko da yake ya daɗe da ajiye mota, ba ya barin abin dariya ya wuce shi.

"'Yar mai kifi," in ji shi wata safiya yana hura shayi, "jiya kin gaida tukunyar gas ɗin maƙwabta. Har da tambayar yara."

"Na ɗauka matar gidan ce a tsugune."

"Ta fi matar gidan kirki, ba ta amsa da gori. Ki ji ni da kyau. Likitan ido yana bene na uku, ke kina ƙasa. Na sha ɗauko mutane daga tafiyar yini guda don su ga mutumin da yake zaune a saman kanki."

"Baban yara, in na hau sama, kafin in sauko labari ya riga ni isa kicin."

"To ya riga ki mana. Sata kika yi?"

"Wa zai bar mai yanar ido da wuƙa a hannu?"

Direba ya kurɓi shayinsa, ya san tambayar ba ta banza ba ce. Wani kamfani ya daɗe yana zarya wajen Manajan kicin da daskararren kifi wanda inji ya riga ya cire wa ƙaya. Manaja matashi ne mai tabarau, ba mugu ba ne. Ya ɗanɗana kifin kamfanin ya ce kamar soso, marasa lafiya ma rabi suke ci su ture. Amma na sama da shi suna son abin, kuma ya faɗa wa Goggo gaskiya ido da ido: hujjarsa ɗaya ce ta barin teburinta, wato ba a taɓa samun ƙaya ba. Ranar da hujjar ta faɗi, za a ɗauke teburin a kafa firji a wurin.

Wata Talata ana tsakar aiki aka bugo waya cewa 'yarta ta biyu tana naƙuda, kuma abin ya zo da gardama. Goggo ta ɗauraye wuƙaƙen, ta naɗe su da danshinsu, ta tura cikin aljihun tebur, ta fita ko rigar aiki ba ta cire ba. Karon farko ke nan da suka kwana ba a gidanta ba. An sauka lafiya, mace aka samu, Goggo ta ɗauki hutun kwana shida tana kula da mai jego. A kwanakin nan kifin kamfani aka dafa.

Ranar Laraba mai washi yakan zo ƙofar baya da injinsa a ɗaure bayan babur, a fito masa da wuƙaƙen kicin. Wannan Larabar, Shiru-shiru ta haɗa masa da na Goggo. Ya ɗaga siririyar ya shafa bakinta da babban yatsa.

"Wace ce take azabtar da baiwar Allah haka? Kai da gindi kamar reza, tsakiya kamar bayan cokali."

Ya ɗora ta a kan dutsen injin, tartsatsi ya tashi, ya miƙo ta tana ci daga tsini har ƙota.

Goggo ta dawo ran Litinin. Aka yi ta barka, ya mai jego, ya jaririya, wa ta ɗebo. Mai Tukunya ya ce in dai kakar ta biyo to a ɓoye wuƙaƙen gidan. Ta buɗe tawul, ta jawo kifin farko daga ƙanƙara, ta tsaga bayan kai, ta kwantar da wuƙar a jikin ƙashin baya ta ja. Wuƙar ta wuce sumul kamar a cikin ruwa, wuyan hannunta bai ji komai ba.

Ta shafa bakin wuƙar. Tsakiyar tana ci.

"Na sa an gyara miki su, Goggo," in ji Shiru-shiru daga teburinta. "Tukuicin jika."

"Kin kyauta," in ji Goggo.

Kofunan shayi suna jere a kan kantar kicin, taku biyu daga inda take tsaye. Ja uku ne kawai. Amma mutum bakwai ne a kicin, kuma babu yadda za a yi Goggo Ƙaya ta kife kofi ta dakusar da wuƙar da aka wasa jiya-jiya ba a tambaye ta dalili ba. Wannan shi ne dalilin da ta ba kanta. Akwai wani a ƙarƙashinsa wanda ba ta so ta kalla. Ta daɗe tana cewa hannu ne, har ita ma ta fara son ya zama hannun ne. Shekara ashirin da shida ba wasa ba ce, in ji zuciyarta, ta yiwu tuni kofin ya zama al'ada kawai. Sai ta jawo kifi na biyu.

Kifi talatin da biyu ta gyara a safiyar. Ta bi kowane yanka da yatsa sau biyu, abin da ta ji ta zare. Wajen ƙarfe tara aka tura Shiru-shiru ƙofar baya karɓar kayan miya daga mota, ba ta dawo ba sai da kifi ya shiga tukunya.

Ƙarfe ɗaya saura wata nas ta sauko da 'yar auduga a tafin hannu. A ɗakin tsofaffi ne. Wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, 'yarsa ce take ba shi abinci, kuma Allah ya sa ɗabi'arta ce ta murtsuke komai da yatsa kafin ta kai bakinsa. Ƙayar ba ta fi yankan farce ba, an datse ta sumul kai da gindi. Manaja ya sa aka dawo da duk farantin da ba a taɓa ba, aka soya ƙwai aka hau da shi. A cikin waɗanda aka dawo da su an ƙara samun biyu.

Ya kira Goggo da Shiru-shiru ofishinsa, ya ajiye audugar a kan tebur.

"Goggo, kin gan ta?"

Ta kalli inda yatsansa yake nunawa. Farin abu a kan farin abu, ba ta ga komai ba.

"Na gani."

"Ranka ya daɗe, laifina ne," in ji Shiru-shiru. "Ni na kai wuƙaƙenta wajen mai washi ba da saninta ba. Hannunta bai saba da su a haka ba."

Manaja ya cire tabarau ya murza ido. Bai gane yadda kaifi zai zama laifin wuƙa ba, amma ya ga ƙofar fita, kuma yana son ƙofar. Idan wata ce ta taɓa kayan aikin da ba nata ba, to kuskuren rana ɗaya ne, a rubuta, a hukunta mai laifi, tebur ya zauna.

"Haka aka yi, Goggo?"

"Ni dai ban ce a taɓa mini kaya ba."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma ta san dalilin da ya sa ta zaɓi wannan gaskiyar daga cikin sauran. Manaja ya rubuta wa Shiru-shiru takardar gargaɗi, ya ce daga gobe ta koma wankin tukwane. Ta karɓa da hannu biyu.

A ɗakin sauya kaya suka haɗu bayan an tashi. Mai laifi yakan riga kowa ɗaga murya, don haka Goggo ce ta fara.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Kin naɗe su da danshi, na buɗe in shanya. Na shafa na ji tsakiyar ba ta ci." Shiru-shiru ta ci gaba da ninke rigarta. "Kuma na so in riƙe ta, ba zan ɓoye miki ba. Shekara huɗu ina kallonta daga nesa."

"Da kika ji ba ta ci, sai aka ce miki ban san hanyar dutse ba?"

"Na ɗauka idon ne ya hana ki wasa ta daidai."

"Wane ido?"

"Goggo." Ta faɗa a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. "Tun bara nake bin tirenki kafin ya shiga tukunya. Lokacin da kike tafiya wanke hannu."

Goggo ta nemi benci da bayan gwiwa ta zauna.

"Kina samu?"

"Ba kullum ba. A wata sau biyu, wani lokaci uku. Ƙanana ne, na wajen wuya, waɗanda sai an gani. Yau aka tura ni mota."

"Me ya hana ki kai wa Manaja? Da tuni teburin naki ne."

"Da tuni teburin na firji ne. Ni ban iya ba, Goggo, tsinta kawai na iya." Ta rufe akwatinta. "Kuma kar ki ɗauke ni waliyyiya. Ba don Allah kaɗai nake yi ba. Ina jiran ranar da za ki buƙace ni ki faɗa da bakinki. Na ƙosa in ji yadda zai fito."

Goggo ta daɗe a kan bencin. Abin da ya fara yi mata ciwo shi ne shekarar bara duka ba tata ba ce, an yi mata ciko a ɓoye tana yawo da suna. Dattijon da ke kwance a sama, da maƙogwaronsa da ba ya iya tari, sai daga baya ya faɗo mata a rai. Ta lura da tunanin da ya riga wani zuwa, kuma kunyar wannan ta fi ta ƙayar nauyi.

"Ɗauko mini kofin shayi," in ji ta. "Na tangaran, ba na roba ba. Ki biya ki kira Manaja. Ki ce ina roƙonsa."

Ma'aikatan yamma sun fara shigowa, na safe ba su gama fita ba, kicin ya cika. Goggo ta kife kofin a kan katako, ta tsayar da tsakiyar siririyar a gindinsa, ta ja sau uku. Ta sa aka ciro kifi ɗaya daga na gobe. Ta tsaga bayan kai da tsini, sannan ta kamo hannun Shiru-shiru ta damƙa mata ƙotar, ta ɗora nata hannun a kai.

"Kwantar da ita. Kar ki danna, ba gaba kuke yi ba. Ja."

Wuƙar ta tafi. Shiru-shiru ta tsaya cak a tsakiya.

"Tana bugu."

"Ƙaya ce take gaishe ki. Wuce, akwai saura."

Tsokar ta taso gaba ɗaya, ƙayoyin suka zauna a jere a jikin ƙashi kamar haƙoran mataji. Goggo ta yi bayanin a taƙaice, yadda mai kaifi ke yankewa ta binne, yadda dakusasshiya ke hawa. Mai Tukunya ya leƙo ta saman kawuna.

"Shi ke nan? Gindin kofi? Ni shekara goma ina tsammanin wani abu kike tofawa."

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan yi. Sannan ta juya wajen da ta ji ƙamshin turaren Manaja.

"Ranka ya daɗe, tun kifin farko na san wuƙar ta canza. Kofi yana kusa da ni, na ƙi ɗauka don kar a gani. Yarinyar nan ba ta da laifi. Kuma audugar da ka nuna mini ɗazu, ban ga abin da ke kai ba. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe mini gani."

Manaja ya daɗe yana kallon kofin.

"Kin san abin da zai faru da a ce tsohon nan ya haɗiye."

"Na sani."

"Kuma kin bar ni na rubuta wa wata takarda."

"Na bar ka."

Ya miƙa hannu, Shiru-shiru ta ciro takardar daga jaka ta ba shi, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce daga yau Goggo ba za ta ƙara yanka abin da zai hau sama ba sai likitan ido ya sa hannu. Kifin kamfani za a ci gaba da dafawa. Amma kowace safiya zai sa a kawo ɗanye guda huɗu, Shiru-shiru ta gyara, Goggo tana zaune a gefe, ma'aikata su ci. In ya ga abin da zai iya kai wa na sama, zai kai. Bai yi alkawari ba.

"Gobe ƙarfe takwas, bene na uku," in ji shi. "Ko in sa Mai Tukunya ya goya ki?"

"Da ƙafata zan hau."

Likitan ya haska idon bai fi minti biyar ba, ya ce yanar ido ce, irin wadda yake cirewa goma a yini, ya tambaye ta me ta tsaya jira. Ta ce aiki ne ya yi yawa. Aka ba ta rana bayan mako biyar.

Makonnin nan ba su yi wa kowa daɗi ba. Goggo a kan kujera ta fi Goggo a tsaye faɗa. Da kunne take kama kuskure, ta ce kin danna, ta ce kin tsallake biyu, ta ce wannan kifin bai yi miki komai ba. Shiru-shiru, wadda a da sai a yini ba a ji muryarta ba, ta koyi mayar da magana. Ranar da ta gyara huɗun cikin rabin sa'a, Goggo ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba laifi, sannan ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe.

Ranar aikin idon, da rana, tana kwance a bene na uku da bandeji a idon dama, Direba yana kan kujera yana ba majinyacin gadon kusa labarin hanyoyin da ya bi. Aka turo abinci. Mai rabo ta ajiye farantin ta ce yau ba na kamfani ba ne, Manaja ya ba Shiru-shiru bene na uku gaba ɗaya, in mako ya yi lafiya a ƙara mata na biyu. An kuma kawo kujera ta biyu an ajiye a teburin ƙasan taga.

Goggo ta wanke hannu. Ta fara daga wajen wuya, tana murtsuke tsokar tsakanin yatsu a hankali, ƙwaya-ƙwaya, har ta kai wutsiya. Ta dawo ta sake.

"'Yar mai kifi, ci za ki yi ko bincike?"

"Dubawa nake yi."

"So kike ki samu."

Shekara talatin da biyar suna tare, ba ta ga amfanin musu ba.

"Ko ɗaya ce," in ji ta. "'Yar ƙarama."

"Akwai?"

"Babu."

"To Allah ya ba ki haƙuri."

Ta kai loma baki. Kifin ya yi, gishirin Mai Tukunya ne dai kullum ba ya isa. Ta ci fiye da rabi kafin ta sake magana.

"Yankan wutsiyar ya karkace, tana ɗaga hannu da wuri. Baban yara, sauka ka ce mata in ta tashi ta hawo. Ta taho da gajeriyar da cinyar kaza ɗaya, ban nuna mata yadda ake shiga gaɓa ba."

"A ɗakin marasa lafiya? Da wuƙa? So kike a kore mu mu uku."

"To ta hawo haka nan. Zan nuna mata a gwiwarka."

Direba ya ja ƙafarsa baya, ya laluba takalminsa a ƙarƙashin gado, ya nufi matakala yana gunaguni.